Riƙon Mamana

Shafi na 19

Masu cika mini waya da saƙo wai na bar ku a tsaye a ƙofar ofishin Barista, to ku shigo ku samu kujera. Ke kuma da kika rubuto cewa ba za ki ɗora tukunya ba sai na saki shafin nan, don Allah tashi ki ɗora, kada maigidanki ya kawo ƙarata.

*

Ƙarfe tara saura Nas ta turo ƙofar ofishin, fararen kayan asibiti a jikinta, ta yafa mayafi a kai. Zaman sulhu da Injiniya sai ƙarfe goma, amma Barista ta ce ta riga kowa zuwa.

Wata biyu ke nan da ya aiko mata da takardar saki. Bai tsaya nan ba, ya riƙe 'yarsu mai shekara shida, wadda yake kira Mamana saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, ya kuma shigar da ƙara kotu ta ba shi riƙonta gaba ɗaya.

Barista ba ta ɗago ba, hannu take sawa a wata takarda.

"Rufe ƙofar ki zauna. Kin karya?"

"Na sha ruwa."

"Ruwa kuma kari ne? Ke da kike yi wa marasa lafiya faɗa a kan cin abinci."

Ta tura mata kofin shayi, ta rufe biro, sannan ta dube ta sosai.

Shekara goma sha huɗu Barista ta yi tana shari'ar aure da riƙon yara. Ta ga masu kuka suna ƙarya, ta ga masu faɗin gaskiya ido a bushe. Amma mace ta ɓoye wa lauyarta abin da zai wanke ta, wannan kam a kan Nas ta fara gani.

"Na je gidan," in ji ta.

Kofin ya tsaya a hannun Nas.

"Wane gida?"

"Gidan da kike zuwa duk Alhamis. Wanda yake cikin hotunan da lauyansa ya aiko mini, wai shaidar kina bin wani namiji. Na ɗauki hoto ɗaya na shiga mota, na yi ta zagaye unguwar har na gane ƙofar."

"Barista..."

"Dattijon da ke buɗe miki ƙofa a hoton, shi ne mai gidan. Jikokinsa tara, ya lissafo mini su ɗaya bayan ɗaya ban tambaye shi ba. A ɗakin ƙarshe kuma akwai wata tsohuwa mai ciwon shanyewar ɓarin jiki. Hoton Mamana na manne a bango saitin filonta."

Nas ta ajiye kofin, shayi ya ɗan zube a kan teburin.

"Kin gaya mata?"

"Gaisuwa kawai na yi na fito. Ba ta san aurenki ya mutu ba, ko?"

Ta girgiza kai.

"Goshin tsohuwar nan da na Injiniya ɗaya ne. Ko makaho ya shafa zai gane. Mahaifiyarsa ce?"

Nas ta sunkuyar da kai.

"Nas, ni lauyarki ce. Abin da kika faɗa a ɗakin nan, a nan zai kwana."

Sai ga hawaye. Ba ta yi kuka mai sauti ba, hannu kawai ta sa tana sharewa wasu na biyo baya.

"Shekara biyu da suka wuce aka kawo ta asibitinmu. Ba mai jinya, ba mai zuwa dubiya. Wata rana ina gyara mata ƙarin ruwa wayata ta yi haske, ta ga hotonsa ya ɗauki Mamana a wuya. Ta riƙe mini hannu da hannunta mai lafiyar, ta ce, 'Yarinya, mijin nan naki akwai tabo a kafaɗarsa ta hagu?'"

"Shi kuma an ce masa ta rasu."

"Tun yana shekara biyar. Gwaggonsa, yayar babansa, ita ta raine shi, ita ta gaya masa. Har yau ba ya wuce sallar asuba bai yi mata addu'a ba."

"Me ya hana ki faɗa masa?"

"Inna ta sa na rantse. Ta ce gara ya ci gaba da yi mata addu'a a matsayin wadda ta mutu, da ya zo ya gan ta a kwance haka ya juya mata baya. Ta ce wannan kam ba za ta iya ɗauka ba."

Barista ta jawo aljihun tebur ta fito da wani tsohon fayil, bangonsa ya koɗe, an ɗaure shi da zare.

"Kwana shida na yi ina sintiri a ɗakin ajiyar takardun kotu kafin magatakarda ya tono mini wannan. Shari'ar riƙon Injiniya ce, shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Buɗe shafin ƙarshe, ki karanta sunan lauyan da ya tsaya wa dangin babansa."

Nas ta buɗe ta karanta. Ta ɗago ta kalli allon sunan da ke kan teburin Barista, ta sake kallon takardar.

"Babana ne," in ji Barista. "Allah ya ji ƙansa. Shi ya ci shari'ar da ta raba Inna da ɗanta. Dole in gaya miki kafin mu shiga ɗakin can. In kin ga ba ki natsu da ni ba, ki canza lauya, haƙƙinki ne, ni da kaina zan haɗa ki da wani."

"Ke nake so."

"To ki saurare ni. Ba zan buɗe fayil ɗin nan a gabansu ba sai kin ce in buɗe. Sirrinki ne, bakinki ne zai kwance shi. Zan yi faɗa da abin da ke hannuna, kuma na iya faɗa. Amma ba zan yaudare ki ba. Alƙali zai tambaye ki ranar Litinin wa kike zuwa gani a gidan nan. In kika yi shiru, shirun naki shi za a rubuta."

"Na rantse, Barista."

"Na ji. Kwana nawa rabonki da Mamana?"

"Hamsin da uku."

"Shanye shayinki."

*

Goma da minti biyar suka shigo ɗakin taro.

Lauyan Injiniya ne a gaba, mutumin da duk lauyoyi ke kira Malam Ɗage a bayan idonsa, don bai taɓa shiga kotu ya fito bai nemi a ɗage zama ba. Injiniya na biye da shi, ya rame, gemu ya yi masa buzu-buzu. Sai Gwaggo, da carbi a hannu, turarenta ya riga ta shigowa.

Nas ta ɗan rusuna.

"Gwaggo ina kwana."

Gwaggo ta kalli bango ta amsa wa bangon.

Injiniya bai dubi inda Nas take ba. Ya ja kujera can ƙarshen tebur ya zauna, ya ɗora makullin mota a gabansa yana juya shi.

Malam Ɗage ya buɗe jaka ya zazzage hotuna, ya jera su kamar mai kasa kaya a kasuwa.

"Abokiyar aiki, ba mu zo tonon asiri ba. Ga abin da muke so. Ta sa hannu ta bar wa uba riƙon yarinya. Ta riƙa ganinta sau ɗaya a wata, a gidan Hajiya gwaggonsa, a gaban Hajiya. Mu kuma hotunan nan ba za su je gaban alƙali ba. An rufa wa kowa asiri."

"Kai, kun yi mana karamci," in ji Barista. "Nawa ne hotunan?"

"Ashirin da biyu."

"A ciki akwai wanda aka ɗauka bayan faɗuwar rana?"

"Ba lokaci ne abin dubawa ba."

"Babu ke nan. Akwai wanda ta riƙe hannun mutumin?"

"Ga shi nan yana karɓar mata jaka."

"Jakar da aka rubuta sunan asibiti a jikinta. Ni ma maigadin ofishin nan kullum sai ya karɓar mini jaka, Allah ya sa ba ku ɗauke mu hoto ba."

Malam Ɗage ya yi gyaran murya.

"Matar aure tana shiga gidan da mijinta bai sani ba, duk mako, awa uku. An tambaye ta, ta ƙi faɗa. Ba sai an yi wa alƙali fassara ba."

Barista ta sa yatsa ta jawo hoto guda daga cikin jerin. A ƙasan kowane hoto akwai kwanan wata da lokaci.

"Injiniya, wa ya ɗauko maka waɗannan?"

Sai a lokacin ya ɗago.

"Gwaggo ce ta sa aka bi ta."

"Aka bi ta. Daga ina?"

"Daga gida mana. Aka bi motar hayar da ta shiga."

"To taimaka mini, kai ne mai lissafi. Wannan shi ne hoto na farko a ranar farko. Me ka gani a ciki?"

"Ƙofar gidan."

"Akwai mutum?"

"Babu."

"Ƙarfe nawa?"

Ya matso da hoton kusa da ido.

"Tara da minti arba'in."

Ta tura masa na biyu.

"Wannan fa?"

"Goma da minti biyu. Tana sauka daga mota."

"Yauwa. Mai hoton ya riga ta zuwa da minti ashirin da biyu. Ya samu inuwa a tsallaken titi, ya gwada kyamararsa a kan ƙofa, ya zauna jira. Ta yaya wanda yake bin mutum a baya zai riga shi isa?"

Makullin ya daina juyawa a hannun Injiniya.

"Ba bin ta aka yi ba," in ji Barista. "Jiran ta aka yi. Wanda ya aiki mai hoton ya riga ya san gidan, ya ba shi kwatance. Hajiya, a ina kika san gidan?"

Carbin Gwaggo ya tsaya.

"Ke yarinya, ni sa'ar uwarki ce. Ba kotu muke ba da za ki tsare ni da tambaya."

"Haka ne, Hajiya, ki gafarce ni. Ranar Litinin sai in tambaye ki a inda ya dace. Na riga na rubuta a kira mini mai hoton. In ya rantse, zan tambaye shi wa ya ba shi kwatance, wa kuma ya ce masa kada ya kuskura ya leƙa cikin gidan."

"Wannan duk kewaye-kewaye ne," in ji Malam Ɗage da sauri. "Tambaya ɗaya ce. Wa take zuwa gani?"

Barista ba ta kalli Nas ba. Ta ɗora tafin hannu a kan jakarta inda tsohon fayil ɗin yake, ta bar shi a rufe.

"Wannan amsar tata ce. Ranar da ta ga dama za ta bayar."

Injiniya ya buga tebur har robar ruwa ta faɗi.

"Kin gani ko? Haka take yi mini! Wata uku ina roƙonta. Na tambaye ta da lallashi, na tambaye ta da faɗa. Na ce ko mene ne ki gaya mini, ni mijinki ne. Sai ta ce in ba ta lokaci. Lokacin me?"

Ya juyo ya dubi Nas, karo na farko tun shigowarsa.

"Shekara takwas ban taɓa ɗaga miki hannu ba. Me na rage ki da shi?"

"Ba ka rage ni da komai ba," ta faɗa a hankali. "Don Allah ka bar ni in ga Mamana. Ko minti goma ne."

"Mamana na nan lafiya. Gwaggo na kula da ita."

"Wa ke yi mata kitso? Ba ta yarda kowa ya taɓa mata kai."

"An aske."

Nas ta dafe ƙirji.

"Kuka take yi in an zo tsifa," in ji Gwaggo, "na ce a huta."

Barista ta ɗauki biro. Ta rubuta kalma biyu a takardarta, ta ja layi a ƙasa. Fushi a wurinta sai an tace shi ya zama tambaya.

"Yarinya za ta saba," in ji Injiniya. "Ni ma ba uwa na tashi, ga ni nan ban lalace ba. In ta girma ta tambaye ni, wallahi gara in ce mata uwarta ta mutu da in nuna mata hotunan nan."



Nas ta miƙe tsaye.

"Kamar yadda aka ce maka taka ta mutu?"

"Me kika ce?"

"Ka ji ni."

"Kada ki sake ki sa mahaifiyata a bakinki."

"Duk Alhamis ina sa mata abinci a nata bakin. Ni nake yi mata wanka. Ni nake motsa mata ƙafa, in yanke mata farce." Ta juya, hawaye har haɓa. "Allah ya yafe mini rantsuwata. Barista, buɗe."

Barista ta zuge jaka. Ba ta yi gaggawa ba. Ta kwance zaren, ta juya fayil ɗin ya fuskanci Injiniya, ta tura masa har gabansa.

Shi kuwa dariya ya yi, irin wadda ba ta kai ido ba.

"Wannan wace irin hauka ce? Mahaifiyata ta rasu ina shekara biyar."

"Allah ya ba ka haƙuri, zan yi maka tambaya mai zafi," in ji Barista. "Ka taɓa ganin kabarinta?"

"A garinsu aka binne ta."

"Wane gari?"

Ya buɗe baki. Ya juya ya kalli Gwaggo.

"Ka taɓa ganin wani daga danginta? Kawu, ko inna, ko da mutum ɗaya?"

Ya sauke ido a kan fayil ɗin.

"Karanta shafi na uku. Sunan babanka ne a sama, nata a ƙasa. Sun rabu kana shekara biyar, aka yi shari'a a kan wa zai riƙe ka. Shafi na bakwai shaidar Hajiya ce, ta ce mahaifiyarka sakarya ce, ta bar ka ka jawo butar ruwan zafi ta ƙona maka kafaɗa. Da wannan shaidar aka karɓe ka."

"Faɗuwa na yi daga keke."

"Ƙuna ce," in ji Nas. "Aikina ke nan. Tun ranar da na fara ganin tabon na san ƙuna ce, na ɗauka kai ne ba ka son maganar. Mahaifiyarka ce ta kwatanta mini shi, ba ta taɓa ganinka da girmanka ba. Ta ce ya yi kamar tafin hannun jariri."

Hannunsa na dama ya tafi kafaɗarsa ta hagu shi kaɗai.

"Shafi na goma sha ɗaya shi ne hukunci," in ji Barista. "Alƙali ya ba babanka riƙo, amma ya ce duk ranar Asabar a kai ka wurinta ka yini. Duba bayansa. Takardun kokenta ne, guda huɗu, da rubutun hannunta. Asabar bakwai aka kai ka. A ta takwas ta zo ta tarar da kwaɗo a ƙofa, kun tashi, ba wanda ya san inda kuka koma."

Injiniya yana bin layin da yatsa kamar ɗan aji ɗaya. Ya kai ƙarshen takarda ta huɗu ya tsaya.

"Gwaggo."

Ta ci gaba da jan carbi.

"Gwaggo, ki ce ƙarya suke yi. Ki faɗa sau ɗaya, wallahi zan yarda."

"Ni na goye ka," in ji ta. Muryarta ba ta yi rawa ba. "Ni na zauna a kanka kwana goma sha biyu da ka yi ƙyanda. Maza uku suka zo neman aurena bayan mijina ya rasu, na ce ina da ɗa. Kullum kana bakin ƙofa kana jiran Asabar, ba ka ci, ba ka wasa, kana ramewa. Na ce wa babanka yaron nan zai mutu a tsakanin gida biyu. Na gaya maka magana ɗaya, ka yi kukan sati guda, ka warke. Ka yi karatu, ka zama mutum. In laifi ne, na ɗauka."

"Tana raye?"

"Ga ka nan dai ka rayu."

"Gwaggo, tana raye?"

"Da ta mutu da na huta. Wata biyar da suka wuce wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta ce ta gan ta a asibiti, matarka na tura ta a keken marasa lafiya. Na bincika na samo gidan. Na san in na bari, wata rana za ta kai ka. Shekara talatin da ɗaya ina gini, wata can za ta zo ta rushe mini?"

Nas ta zauna daɓas.

"Saboda haka kika kashe mini aure? Kika ce ina bin maza?"

"Ni ban ce ba. Hoto na nuna, shi ya ce."

Injiniya ya kifa kai a kan fayil ɗin. Kafaɗunsa suka fara girgiza.

Malam Ɗage ya soma tattara hotuna, yana cusa su a jaka ba tare da ya jera ba.

"Abokiyar aiki, ina ganin... bisa ga abin da ya taso... a ɗage zaman nan."

"Da ma na san za ka faɗa," in ji Barista. "Ban ƙi ba. Amma kafin ka tashi, rubuta. Yau kafin la'asar a kawo Mamana wurin uwarta. Ranar Litinin ku janye zargin da bakinku a gaban alƙali, a rubuta an janye. Maganar aure tasu ce su biyu, ba tawa ba ce, ba taka ba ce. In ba ku yarda ba, mu haɗu a kotu da mai hoto, da mai gidan, da fayil ɗin nan."

Gwaggo ta yi wani ɗan murmushi ta ajiye carbi a kan tebur.

"Kina ta fankama da fayil, 'yar nan. Kin karanta shafin ƙarshe kuwa? Kin ga wanda ya tsaya mana?"

"Na gani, Hajiya. Babana ne."

Murmushin ya ɗan rage.

"Ya yi aikin da kuka ɗauke shi ya yi, ya ci muku shari'a. Amma ki duba da kyau, maganar Asabar ɗin nan shi ya roƙi alƙali a sa. Uba ya nema wa riƙo, bai nema wa yaro maraici ba. Wannan ke kika ƙara da hannunki. Kuma na riga na gaya wa wadda nake karewa tun da safe. In da wani abin kika tanada, fito da shi."

Gwaggo ta ɗauki carbinta.

Injiniya ya ɗago, idanunsa jawur. Ya dubi Nas. Da ƙyar ya ce,

"Tana... tana tambayata?"

"Kullum. Me ka ci, wane kaya ka sa, ko har yanzu kana tsoron allura. Na ɗauko mata muryarka a waya kana koya wa Mamana karatu, da ita take yin barci."

Ya sa hannu biyu ya rufe fuska.

"Za a kawo Mamana," ya faɗa ta cikin tafin hannunsa. "Ni zan kawo ta da kaina. Barista, rubuta duk abin da kika ce, zan sa hannu."

"Injiniya, a matsayina na lauyanka..." in ji Malam Ɗage.

"Na ce zan sa hannu."

Barista ta riga ta zaro takardar. Tun jiya ta buga ta, ta ajiye. Ta miƙa masa biro, ya sa hannu, Malam Ɗage ya sa a ƙasa yana sauke numfashi. Ta busa tawadar, ta saka takardar a fayil ɗin Nas, ta rufe.

Injiniya ya miƙe ya ɗauki makulli, sai kuma ya tsaya.

"Kada in faɗo mata haka kawai, ga ta ba lafiya. Ki kira gidan. Ki ce... ban san me za ki ce ba. Ina so in ji muryarta tukuna."

Nas ta kalli Barista. Barista ta gyaɗa kai.

Ta lalubo lambar mai gidan, ta buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, ta ajiye ta a tsakiyar tebur.

Ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. A na huɗu aka ɗauka.

"Salamu alaikum, Baba, ni ce."

"A'a, Nas! Yanzu nake cewa zan kira ki in yi miki barka."

"Barkar me, Baba? Don Allah kai wa Inna wayar."

"Wace Innar kuma? Ai sun tafi."

Nas ta dafa teburin.

"Su wa?"

"Mutanen da suka zo da mota mana, ba a fi awa ɗaya ba. Maza biyu da mace. Suka ce ɗanta ne ya gano inda take, ya aiko a ɗauko ta. Ki ga kukan murna wurin baiwar Allah nan! Ni na kama musu ita har cikin mota. Ko maganinta ba ta tsaya ɗauka ba."

Kowa ya juya ya kalli Injiniya.

"Ni?" ya ce. "Ni ban aiki kowa ba."

Barista ba shi take kallo ba.

Gwaggo ta riga ta miƙe. Ta gyara mayafinta a kafaɗa, ta rataya jaka, a natse kamar wadda ta gama ziyara.

"Hajiya," in ji Barista, ita ma ta miƙe. "Ina kika kai ta?"

Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa, ta waiwayo ta dube ta tun daga sama har ƙasa.

"Ba ke ce mai tono ba? Nemo ta."